Abin da Alƙali Ya Tambayi Yaya

Wata ranar Alhamis ce cikin kaka, shekarar da na shiga aji biyu a lakwal, wato makarantar boko, haƙorana na gaba sun zube ba su kai ga tsirowa ba. Ina zaune kan dogon bencin siminti a ƙofar gidan shari'a a Dogon Dutsi, inda mutanenmu ke kira jastis, ƙafafuna suna lilo don ba su taɓa ƙasa. An sa mini sababbin takalman roba da suka matse ni, kaina kuma yana zugi saboda kitson da aka wuni ana yi mini ana gobe za mu taso. A can ƙarshen bencin uwata ce, ta ja mayafi har goshi, ta ɗan ba ni baya kamar ba ta san 'yar wane gida ce ni ba. Kakata tana tsakaninmu tana taunar goro tana huci, ga wani ƙullin kaya a gindin ƙafarsu. Can ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, ubana yana tsaye da farar riga, shi da mahaifinsa da wasu abokan kasuwarsa, yana leƙo ni jefi-jefi yana murmushi, ni kuwa ina sunkuyar da kai don ban san shi ba sai a labari. Ba wanda ya zaunar da ni ya yi mini bayani, amma na san a kaina aka zo: yau za a ce ko in koma ƙauye tare da uwata, ko in kwana gidan wancan mai gemu. Yunwa ta fara cina, sai na ga hannu ya zagayo ta bayan Kaka, ya zuba mini dafaffen ƙwaruru, wato gurjiya, a cinya, ya koma. Na san hannun. Fuskar mai shi kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Ina goye auren iyayena ya mutu. Har yau ban sami wanda ya ba ni labarin wani babban faɗa ba. Abin da aka ce shi ne ubana ya bar noma ya shiga kasuwar Dutsi, ya fara zama wurin masu wa'azi, ya dawo yana ganin abubuwa da wani ido, ita kuma uwata 'yar gidan da ke da ɗakin iskoki ce tun kakanni. Ya ce ta daina zuwa gida in ana kiɗan bori, ita kuma ba ta ce za ta daina ba, ba ta ce ba za ta daina ba, ta dai ci gaba da zuwa. Duk wanda ya san uwata ya san haka take nata faɗan. Da igiya ta tsinke ta ɗauko ni muka koma gidan Kaka, a wani ƙauye kusa da Geceme, inda rake da rogo suke a fadama, gero kuma a tudu. Al'adar wurinmu ta ce ɗa yana hannun uwa har ya kai shekara bakwai, daga nan ubansa ya zo ya ɗauki abinsa. Kowa a gidan ya san da haka, har yaran maƙwabta, ni kaɗai ce ban san aro aka ba da ni ba.

Ni ce 'yar fari, kuma sunan uwar ubana aka raɗa mini, Ramatu, sai kunyar ta zama biyu. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a idon mutane, ba ta nuna ta damu da shi, sunan suruka kuwa ko a mafarki. Wasu matan sama-sama suke yin wannan kunya, su yi ta a gaban baƙi, su ajiye ta in sun shiga ɗaki. Uwata da gaske take yin tata, har Kaka takan ce, "Uwakki kunya ta haihe ta, ni goyo kawai na yi." Idan tana son in zo sai ta ce "Ke." Idan akwai mutane ko "Ke" ɗin ba na samu, sai ta gaya wa tsakar gida, "A ce ma waccan tuwo na hucewa." Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Yaya nake ce mata yadda na ji ƙannenta suna kiranta, kuma a ɗakin Kaka nake kwana. Muna da wata jar akuya mai taurin kai da ake kira Kyalla, Yaya tana kiran sunanta safe da yamma, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da faɗa. Na yi kishi da akuyar nan ƙwarai, har na taɓa jifanta da ɓawon rake ba ta yi mini komai ba.

Amma akwai wuri biyu da nake samun Yaya ni kaɗai. Na farko gamana, ɗan filin da wanta, Kawu Illa, ya yankar mata a gefen gandu don ta noma ƙwarurunta. Da ruwan shuka ya sauka mu biyu muke fita da sassafe, tana gaba tana sara da sungumi, ina biye ina jefa iri ina rufewa da ƙafa. Ba ma magana. Dunduniyarta kawai nake kallo, da fason da ke jikinta, da yadda rairayi ke manne mata. Idan na yi baya sai ta tsaya ta yi kamar tana gyara ɗaurin zane har in cim mata. Idan rana ta take mu zauna gindin wata aduwa, ta buɗe ƙwaryar fura ta kurɓa kaɗan, ta ture gefena ta ce ta ƙoshi, ta tashi ta tafi duba akuya. Sai da na girma na gane ba ƙoshi ta yi ba. Wuri na biyu kitso ne. Yaya ita ce mai kitson unguwa, sai ta gama da 'ya'yan kowa sannan ta dubi ƙasa tsakanin ƙafafunta, ni kuma in zo in zauna. Tana ja da ƙarfi, tana dungure mini kai da tsinke in na motsa, amma ina jin gwiwoyinta a kunnuwana, ina jin warin hayaƙi da man shanu a zanenta, ba na so a gama. Na sha kwance kitsona a ɓoye in ce ya warware, ta kuma san ni na kwance, ba ta taɓa tona ni ba.

Sauran rayuwar irin ta kowace yarinyar ƙauye ce. Da safe ɗiban ruwa a rijiyar fadama da ɗan tuluna, da damina tsinkar tafasa da yakuwa, in gero ya yi ido a tura mu korar tsuntsaye mu wuni muna ihu muna tumu. Da yamma mu baje a ƙofar gida muna carafke da 'yan duwatsunmu da kowa ke ɓoyewa kamar dukiya, ko mu yi 'yar tsana ta kara mu yi mata biki da suna, mu ci tuwon ƙasa. Lakwal ɗinmu rumfar zana ce, duk kaka iyaye ke sake kafa ta bayan an kawar da amfanin gona. A ƙasa muke zama, allon ardwaz a cinya, malaminmu da muke ce wa Mushe yana yawo da tsumagiyar sabara, wanda ya yi Hausa a aji kuma a rataya masa ƙashin jaki a wuya ya wuni da shi. A bakin Mushe na fara jin sunana cikakke haɗe da na ubana, da ya kira sai na yi shiru ina waige-waige har yara suka bushe da dariya. Wata rana muka yi faɗa da wata yarinya kan dutsen carafke, ta ce mini ai ni ba 'yar nan ba ce, bana za a zo a ɗauke ni. Na ruga na tambayi Kaka, ta ce ƙarya ce, ta kuma je har gidan su yarinyar ta yi masu tas. Yaya tana daka a tsakar gida, ta ji komai, taɓaryarta ba ta sauya sauti ba.

Ashe gaskiya yarinyar ta faɗa. Gero yana fitar da kai sai ga ƙanen ubana da goro da sallama, ya ce yarinya ta kai, an aiko shi ya tafi da ita. Kaka ba ta ko taɓa goron ba. Ta ce, "Tahi ka ce mishi ya bar ta tana rarrahe, ba shi ɗaukatta yanzu da ta iya ɗiban ruwa." Daga nan magana ta je gaban maigari, ta wuce fadar sarki, dattawa suka yi ta zama ana neman sulhu, kuma a ko'ina Kaka ce bakinmu, ita da Kawu Illa. Ita ke lissafa jinyar ƙyanda da ta yi, da goyo, da yaye. Yaya takan je ta zauna bayan uwarta, ba wanda ya taɓa tambayarta, don kowa ya san ba a tambayar uwa zancen ɗan fari. Da sulhu ya gagara ubana ya kai ƙara, a lokacin kuma duk shari'ar yankinmu Dutsi ake kai ta. Duk tsawon watannin nan ina kasa kunne, in laɓe bayan rumbu, in yi kamar wasa nake, ko zan ji Yaya ta ce wani abu a kaina, ko da kalma guda. Ban ji ba. Ana gobe za mu tafi ta zaunar da ni tun hantsi ta yi mini wani kitso ƙanana-ƙanana da ban taɓa ganin ta yi wa kowa irinsa ba, ba ta gama ba sai da rana ta yi ja.

Da aka kira mu ranar, muka bar bencin muka shiga wani ɗaki mai fanka a sama. Alƙalin ba tsoho ba ne yadda na zata, matashi ne siriri da tabarau, mutumin yamma, Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, saboda haka akwai tafinta. Dama da hagunsa wasu dattawa biyu ne 'yan ƙasa, aikinsu su gaya masa yadda al'ada ta ce. Ubana ya fara magana, kuma in faɗi gaskiya ya yi magana mai kyau. Ya ce ya bar ni shekara bakwai bai tayar wa kowa da hankali ba, ya ce a birni akwai lakwal ta siminti da makarantar addini da asibiti, ya ce ba ya son 'yarsa ta tashi tana riƙe wa masu hawan iska zane. Bai zagi kowa ba, bai yi ƙarya ba. Da ya gama Kaka ta miƙe ta gyara ɗamara ta buɗe baki, sai tafinta ya ɗaga hannu. Ya ce alƙali yana ganin girmanta, amma wannan shari'a tsakanin uba da uwa take, daga bakin uwa ake son ji. Kaka ta ce ai ita ce bakin uwar. Aka ce mata a nan ba a aron baki. Ta koma ta zauna, ran nan na fara ganin tsoro a fuskarta.

Alƙali ya ce Yaya ta tashi ta faɗi sunan 'yarta da abin da take nema. Ta tashi ta tsaya, ta kafa ido a ƙasa. Ga tsohon surukinta zaune, ga dattawa, ga ni. Ba a jin komai sai fanka. Ɗaya daga cikin dattawan ya karkata ya yi wa alƙali raɗa, na ga ya gyaɗa kai, ya cire tabarau, ya ce a bar zancen suna. Ya sa tafinta ya yi mata bayani a hankali, cewa shekara bakwai al'ada ce kuma yana dubanta, amma ba ita kaɗai yake duba ba. Abin da ya fi zama alheri ga yarinya shi ne gaba, kuma idan uwa ta nuna tana so ta faɗi dalilinta, yana da ikon ya bar mata. Yaya ba ta ɗago ba. Sai ya yi abin da daga baya aka ce ba kowane alƙali ke yi ba, ya tashi ya ce maza su zauna nan, uwa da yarinya su biyo shi ofis, su da tafinta kawai. Shi a ganinsa ya raba ta da waɗanda take jin kunya. Bawan Allah, ya fitar da ita daga gaban suruki, ya zaunar da ita gwiwa da gwiwa da ni, wadda ta fi jin kunyata a duniya.

Kujeru biyu ne kusa da juna, ban taɓa zama daf da ita haka a gaban baƙo ba. Tafinta ya sassauta murya.

"Alƙali shina tambayakki, kina son ɗiyakki ta zamna wurinki ko ba ki so? Kalma guda ta isa."

Ina kallon hannunta a cinya, yatsunta suna murɗa bakin mayafi har ya tashi kamar igiya. Ta ɗan juyo, idonta ya faɗa kan kitsona, ta yi maza ta mayar da shi bango.

"Ɗiyassu ta," in ji ta, da wata ƙaramar murya. "Abin da manya sunka gani shi ad daidai."

Tafinta bai fassara nan take ba, ya sake tambayarta, ta sake faɗin haka. Sai alƙali ya duƙo ya tambaye ni da 'yar Hausarsa wurin wa nake so in zauna. Ina da amsa, tana nan cike da bakina. Amma yarinyar da ta tashi a bayan dunduniyar Yaya ba ta koyi wata hanyar amsa ba sai irin tata, kuma na riga na ji da kunnena an ce ni tasu ce. Na ce, "Duk inda anka ce."

Muka koma babban ɗaki aka karanta hukunci da Faransanci, tafinta ya mayar: yarinya za ta zauna wurin ubanta, babban hutun damina kuma ta je wurin uwarta. A waje Kaka ta zube gindin bedi tana kuka tana faɗa, ɗankwalinta ya faɗi. Yaya ta sunkuya ta ɗauki ƙullin nan ta miƙa wa Kawu, Kawu ya miƙo mini. Na shafa na ji kwanon cin tuwona, da zannuwana, da duwatsun carafkena. Ashe tun daga gida ta ɗaure mini kayana. Wannan ya fi maganar ofis yi mini ciwo, na ce a raina ashe da niyyar barina ta zo. Ubana ya ɗora ni gaban babur ya ce in yi wa mutane sallama. Da na waiwaya na gan ta ta ba hanya baya, tana ɗaura wa Kaka ɗankwali.

Da zan ce an wulaƙanta ni a gidan ubana da labarin ya fi daɗin ji, amma ba a yi ba. Gida ne na siminti, da famfo da lantarki, kuma matar ubana, Tanti Balkisa, mace ce mai fara'a da yawan magana. A ranar farko ta kira sunana fiye da yadda na ji shi duk rayuwata, Ramatu zo ki ci, Ramatu ga sabulu, Ramatu me ya same ki, har sunan ya yi mini yawa kamar rigar wani. Ubana yana kawo mini biskit daga kanti, yana koya mini karatu bayan magariba, yana haƙuri da shiruna. A lakwal 'yan birni suna dariyar fason ƙafata, suna wasanninsu da Faransancin da ban iya ba, lokacin hutun safe sai in zauna jikin bango in yi carafke ni kaɗai, ni ke ci ni ke faɗuwa. Da la'asar in hau tulin bulo a bayan gida in zuba wa dutsen da ya tsaya kan garin ido, ina tunanin ta wane gefensa Geceme take. Ba a yi mini komai ba, ni dai ba ni da wadda zan bi a baya.

Kitson nan kuwa na hana kowa taɓa shi. Ya tsufa, ya tashi, ya cukurkuɗe, har Madam ɗin ajinmu ta aiko a gaya wa gida. Ranar da Tanti ta zaunar da ni ta fara tsifa na yi kukan da ban yi ba a jastis, ta tsaya da tsinke a hannu tana tambaya ko zafi ne. Ta ce ita ba ta taɓa ganin kitso irin wannan ba, wadda ta yi shi ba ta so ya kwance da wuri ba. Na ji maganar amma ban ba ta wuri a zuciyata ba, don na riga na yanke wa Yaya nawa hukuncin.

Damina ta farko aka kai ni hutu yadda alƙali ya ce. Na tarar da komai yana nan, har Kyalla. Yaya ta dube ni daga nesa ta ce wa Kaka waccan ta rame. Da safe na ƙi bin ta gamana, ina jira ta ce in zo, ita kuma ta tsaya bakin ƙofa da sungumi ta daɗe tana gyara ɗaurin zane, sannan ta tafi. Kafin damina ta biyu ta yi aure can wajen Matankari. Takardar alƙali ta ce hutu wurin uwa, amma takarda ba ta san ba a aika 'yar wani gidan mijin uwarta ta yi damina ba. Sai hutun ya zama wurin Kaka, da Kaka ta rasu ya zama ba ko'ina. Mukan haɗu da Yaya a biki ko zaman makoki, in durƙusa in gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wuri. Duk kaka dai buhun ƙwaruru yakan iso gidanmu a motar kasuwa, ba saƙon baki. Ubana ya ce in ci daga uwata yake, ni kuwa in raba wa ƙannena.

Na yi karatu na zama malamar lakwal, aiki ya kawo ni Tibiri, na yi aure. Ranar sunan ɗana na fari Yaya ta zo, ta wuce bayan gida wurin tukwane ta wuni tana aiki. Da aka raɗa suna sai na ɗaga jaririn a tsakiyar mata na kira shi da ƙarfi, Nasiru, yadda za a ji har wurin murhu. Tsofaffi suka riƙe baki, wata ta ce boko ya cinye mini kunya. Da gangan na yi. Kafin la'asar Yaya ta bi motar kasuwa ta koma. Kawu Illa ya ji labarin daga waje, da mutane suka ragu ya shigo yana dariya ya zauna bakin ƙofa, sai dariyar ta ɗauke.

"Don ki rama kinka yi, na sani," in ji shi. "Amma ba ki san abin da anka yi ba bayan babur ya sha kwana da ke."

Ya ce babur bai gama ɓacewa ba Yaya ta saki ɗankwalin Kaka ta koma cikin jastis da gudu, ita da ba a taɓa ganin ta ɗaga ƙafa ba. Ta iske an shiga wata shari'ar, ta tsaya bakin ƙofa har aka tashi. Da tafinta ya fito ta sha gabansa, a gaban maza, mayafi ya zame mata a kafaɗa.

"Tac ce mishi, 'Koma ka hwaɗa ma alƙali ina son ɗiyata. Ramatu nika so.' Da kunnena na ji, sunanki ɓaro-ɓaro, ba sau guda ba. Da anka hidda ke daga gabanta, bakin ya buɗe."

Tafinta ya shiga ya fito ya ce an riga an sa hannu, sai dai ɗaukaka ƙara a wani birni. A gida dattawa suka taru suka ce ya isa haka, macen da ta ja uban 'yarta zuwa babbar kotu 'yar take ɓata wa suna. Ta haƙura, ta kuma sa Kawu ya rantse ba zai gaya mini ba. Ya ce duk shekarun da muka yi a ƙauye manema sun yi ta zuwa tana korarsu, don ta san ranar da ta yi aure ranar za a karɓe ni. Na tambaye shi ƙullin kayan fa, me ya sa ta ɗaure tun daga gida. Ya ce, "Ta san bakinta, shi yas sa."

Yanzu abubuwa sun sauya. Ina ganin iyayen 'yan ajina, mata ƙanana, suna shiga gidan shari'a su tsaya kan ƙafarsu su zayyana abin da suke so, su kira sunan ɗan fari a gaban kowa, wasu har da hotunan yara a waya. Ina jin daɗin haka, Allah ya sani, ba na fatan a koma baya. A ajina nakan gane yaron da ake shari'a a kansa tun kafin a gaya mini, shi ne mai zama jikin bango lokacin hutu, sai in je in zauna kusa da shi ba tare da na tambaye shi komai ba. A irin wannan zama nakan tuna alƙalin nan mai tabarau da ya yi niyyar alheri, in ce da ni ya bari a kan benci ya shiga da ita ita kaɗai, da a Geceme na girma ina jefa iri a bayanta. Ba na cewa da rayuwata ta fi haka kyau, wataƙila ma da ban yi nisa a karatu ba. Na dai san da ban girma ina zaton ba a so na ba.

Yaya tana nan da ranta, ta fara furfura, wani ƙanena da ta haifa a Matankari ya saya mata waya. Ran Juma'a takan sa a kira mata ni. Ta tambayi Nasiru, ta tambayi maigidan, ta ba ni labarin ƙannena ɗaya bayan ɗaya kowa da sunansa, da ruwan bana, da ƙwaruru. Ni kuwa har yau "Ke" ce. Ban taɓa gaya mata Kawu ya karya rantsuwa ba. In zance ya ƙare ba ta kashewa, ni ma ba na kashewa, sai mu yi shiru ina jin numfashinta da kukan awaki a bayanta, kamar muna gindin aduwa. Na san amsar da alƙali ya nema, na san ta faɗe ta. Tafinta ya ji, Kawu ya ji, mutanen da ba su san ni ba ma sun ji. Ni ce dai har yau nake kasa kunne.